Wanda Ya Ɗura da Wanda Ya Harba

Kwandiko, ƙasar Gwaram.

Zuwa ga Ɗan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya tsare ka a hanyar da za ka kama ran Laraba, Ya tsare ka a inda za ka sauka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, amin.

Za ka yi mamakin samun wasiƙa daga wadda kuke kwana gida ɗaya. To, ka san yadda muke. Kai ne na fari. Tun da aka yaye ka Inna, kakarka, ta ɗauke ka, ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. In ka shigo tsakar gida sai in sami abin dubawa a cikin tukunya. Haka aka koya mini, haka na yi. Amma ba wanda ya ce alƙalami ma sai ya yi kunya, kuma a wannan karon raina ya ɓaci fiye da yadda zan iya yin shiru.

Zan fara da ranar bikin samun 'yancin kai, domin ranar ce ta raba rayuwata biyu. Ka sha jin labarinta a zaure, amma a bakin maza ka ji.

Ina amarya a lokacin, da cikinka. An kawo ni daga Birnin Kudu da akwatin ƙarfe, a ƙarƙashin zannuwa na jera 'yan littattafan labarai da na tara tun ina elemantare. Matan gidan nan suka sa mini suna Mai Takarda, babanka kuma yake ce mini 'Yar Birni. Ni kuwa a raina na riga na gama tsara komai: na auri maharbi, jikan maharba, dogo, mai kafaɗa, ga shi kamar daga cikin littafi aka ciro mini shi.

Aka ce maharban Kwandiko da na Sara za su je Gwaram su buga bindigogin toka a filin taro, don murna. Ba harsashi, albarushi ne kawai da tsumma, a ji ƙara. Baffanka Jibo, yayan babanka, shi ke ɗura wa kowa bindiga a gidan nan. Ka lura da wannan: shi ke ɗurawa, amma tun da na zo garin nan ban taɓa ganin ya harba ba. Kullum kafaɗarsa na ciwo.

Da safe babanka ya shigo ɗakina don in ɗaura masa ɗamarar kakanku, wannan ta baƙar fata mai jerin layu da ke rataye a ɗakin Inna. Ka san al'adar gidanku: namiji ba ya ɗaura ta da hannunsa, sai mace ta tsaya a bayansa ta ƙulla, matarsa in yana da aure, uwarsa in ba shi da shi. Ya jingine bindigar da bango, yana ta kallonta.

Ya ce, “'Yar Birni, bindigar nan ba ta kwanta mini ba. Na zura ƙarfen dannawa, ya tsaya sama da inda ya saba tsayawa. Yaya ya cika ta da yawa.”

Na ce, “Ka gaya masa?”

Ya ce, “Na gaya masa. Ya ce bara 'yan Sara sun yi mana dariya, wai bindigoginmu tari suke yi. Ya ce yau sai an ji mu har ƙasar Bauchi.”

Ka ga mutum ya zo wa matarsa da tsoronsa. Kalma ɗaya yake nema. Da na ce masa “rage shi,” da ya rage. Amma ni na ga dama ta samu ta faɗin irin maganar da matan cikin littafi ke faɗi. Na ja ɗamarar na ƙulle ta tamau, na ce, “Namiji da ɗamarar kakansa a ƙugu yake tsoron ƙarfen da maƙeri ya ƙera? Tafi, ina so in ji muryarta daga nan.”

Ya yi dariya, ya ɗauki bindigarsa. Na zauna a ƙofar ɗaki ina kasa kunne kamar wata sarauniya. Ban ji komai ba. Abin da na ji shi ne salatin Inna bayan azahar, da wani ya zo a kan keke ya ce bindiga ta fashe, an sa babanka a mota an wuce da shi asibitin Birnin Kudu. Idon hagu da yatsu uku na hannun hagu, a filin Gwaram ya baro su, ana ta raba wa 'yan makaranta tutoci.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ga abin da na koya a kai. In hannunka ya gaya maka wani abu bai yi daidai ba, hannunka ya fi bakin kowa gaskiya. Kada ka karɓi ƙarfin zuciya daga wanda ba shi zai riƙe bindigar ba, ko da matarka ce, ko da ni ce. Mai zuga ka yana komawa gida da yatsunsa goma.

Na biyu ya fi ba ni haushi, domin na farko wauta ce ta yarinya, na biyu kuwa da idona biyu na yi shi.

Da aka sallamo babanka, zaure ya cika da 'yan sannu. Ina bayan zana ina jin Baffanka Jibo yana cewa, “Ai ɗamarar nan ta yi aiki. Wallahi ba don ita ba da yanzu zaman makoki muke yi.” Kowa ya ce haka ne. Wani ya ce maƙerin ne ya yi ha'inci a ƙarfe. Wani ya ce 'yan Sara ne suka yi jifa. Aka zagi maƙeri, aka zagi 'yan Sara, aka yabi ɗamara. A cikin taron nan kaf ba wanda ya buɗe baki ya ce, “Wa ya ɗura?” Ni na sani. Babanka ya sani, amma ƙane ba ya tona yayansa. Ni kuma amarya ce, amarya ba ta sa baki a maganar yayan miji. Na ja mayafina na koma ɗaki.

Ka ga abin da shiruna ya haifar. Ɗamarar da ba ta hana komai ba ta ƙara suna, har daga Sundimina ana zuwa a taɓa ta. Baffanka kuwa har yau shi ke ɗura bindigogin Sallah da na bikin aure, yana zuba albarushi yana kallon fuskokin 'yan kallo maimakon ya kalli yatsun da yake awo da su. Ba a taɓa ce masa kanzil ba. Da safe yana zuwa ya gaida ƙanensa, ya kalli hannun nan, ya ce, “Allah Ya kiyaye gaba,” ya sha kokon da na dama. Sai in ji kamar in kife masa kwanon a ka. Sai in ce, “A ƙaro, Yaya?”

Don haka, in abu ya lalace a wurin aikinku, kada ka bari a rufe shi da “Allah Ya kawo.” Allah ne Ya kawo, gaskiya ne, amma ta hannun wa? A buɗe a duba. In hannunka ne, ka ce nawa ne. In na babba ne, ka nemi hanyar ladabi ka faɗa, amma ka faɗa. Kunyar da za ta sa wani ya rasa ido ba tarbiyya ba ce.

Na uku ya shafe ka kai tsaye. Tun da idon babanka ya tafi, ɗayan ma ba ya son ƙananan baƙaƙe, sai ya zama bayan la'asar ina karanta masa littafi a gindin darbejiya. Kana ɗan ƙarami ka fara zuwa ka zauna a ƙofar ɗakin Inna, ka juya mana baya, kana kamar gyaran ɗan baka ko sassaƙar kara. Ka ɗauka ban sani ba? Na sani sarai. Don kai nake ɗaga murya. Ba ni da hanyar yi maka magana sai wannan. Kuma na lura in labarin ciniki ne ko na soyayya sai ka tashi, in na yaƙi ne sai ka zauna har a kira magariba. To sai na dinga zaɓo na yaƙi. Duk wanda zai je Kano sai na ba shi saƙon sabo. Na sayi zamanka kusa da ni da takubba da dawakai da jaruman da ƙarfe ba ya kama su.

Yanzu in na buɗe littattafan nan, ina son su har gobe, ba zan yi maka ƙarya ba, amma akwai abin da ke ci mini rai. A ciki sai a ce jarumi ya zare takobinsa. Wa ya wasa masa? Ba a faɗa. Sai a ce an sare shi, layi na gaba a ce “bayan ya warke.” Layi ɗaya! Ni na san abin da ke cikin layin nan. Na wanke hannun babanka da ruwan gishiri ina da tsohon ciki, ina juya kai saboda wari. Na gan shi yana koyon ɗaura mazagin wando kamar yaro. Na ga garma ta sulluɓe masa a gona, ya zauna a kan kunya ya rufe fuska. Masu rubuta littafi ba su taɓa zuwa sun tambaye ni ba. Ka karanta, ka ji daɗi, amma ka riƙa tambayar kanka wa aka bari a waje.

Sai na huɗu, wanda ko wata biyu bai yi ba. Ka ga girma bai hana ni ba.

Zamanin nan na kuɗin man fetur, kowa ya je birni sai ya dawo da rediyo da kalmar Turanci. Kai ma ka shigo da takardarka ka tsaya a tsakar gida kana gaya wa Inna, da ƙarfi yadda zan ji, cewa makarantar koyon sana'a ta soja ta ɗauke ka, kuma sashen “amamen” aka ba ka. Kalmar ta yi mini daɗi a kunne. Na ɗauke ta na yi ta yawo da ita gidan suna da gidan biki. Mata suka ce, “Mai Takarda, mene ne shi kuma?” Na ce, “Aikin injuna ne, irin na Turawa.” Ban san komai ba. Na sake yin abin da na yi ina amarya: na ji magana mai ƙyalli, na ɗaura ta.

Da na je ganin gida Birnin Kudu sai na biya wajen Asabe, wadda muka yi aji ɗaya, ita ta ci gaba har ta zama malamar makaranta. Na faɗa mata kalmar ina fankama.

Ta ce, “Ke Hadiza, har yanzu kanki na cikin gajimare? Kin san abin da kike faɗa kuwa?”

Na ce, “In na sani me ya kawo ni gidan malamai?”

Ta sauko da wani ƙamus da ya kai matashin kai kauri, ta laluba, ta ce ma'anar ba ɗaya ba ce. Ana nufin makamai su kansu, musamman manya, irin waɗanda ake ɗora wa jirgi ko motar yaƙi. Ana nufin rundunar da aka gama shirya ta da kayan faɗa. Ana kuma nufin shi kansa aikin shiryawar, wato ƙasa ta zauna tana tara makamai tana gyara su tun kafin a yi faɗan.

Na ce, “To shi yaron me zai riƙa yi?”

Ta ce, “Kwance bindiga, goge ta, auna ta, gyara abin da ya lalace, ya miƙa wa wanda zai harba.”

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na ce, “Jibo ke nan.”

Ta ce, “Wane ne Jibo?”

Na ce, “Bar shi kawai. Jibo da rigar gwamnati.”

Na tashi zan yafa mayafi, ta ce in zauna, ba ta gama ba. Ta ce su ma Turawan Ingila aro suka yi daga Latin, harshen Rumawan dā. A can, kalmar kayan aiki take nufi, har da na jirgin ruwa: igiyoyi, da ƙyallen da iska ke turawa, da sauran tarkacen da in babu su jirgi ba ya barin gaɓa. Tushenta kuma ya haɗa makami da kayan sana'a, har kayan noma ana kira da shi.

Na yi ta juya wannan a cikin mota har Gwaram. Da farko fushi ne kawai, cewa an ɗauki aikin da ya cinye hannun mijina an sa masa suna mai daɗi an miƙa wa ɗana, ni kuma ina guɗa. Daga baya na tuna igiyoyin jirgin nan, da mai ƙulla su. Shi ma yana gaɓa, wasu ne ke shiga ruwa. In ya yi ha'inci a ƙulli ɗaya, ba shi zai nutse ba. Ashe tun zamanin Rumawa akwai mai shiryawa da mai tafiya, kuma ran na biyu yana hannun na farko. Aikin ba abin kunya ba ne. Yadda Baffanka yake yin sa ne abin kunya.

Saboda haka ba zan ce kada ka tafi ba. Ka ci jarrabawarka da ƙoƙarinka, kuma gonar babanka ba za ta riƙe ku duka ba. Amma ka ji waɗannan. Duk sunan da aka ba aikinka, ka tambayi abin da hannunka zai yi, da wanda zai ɗauki abin bayan ka ajiye. Kada ka miƙa wa ɗan wani bindigar da kai ba za ka yarda ka kara a kuncinka ba. Kada ka yi aiki don a yaba, aikinku in ya yi kyau ba wanda zai san an yi shi. In an ce ka yi sauri, ka tuna babanka yana ɗaura mazagi. In wanda zai harba ya dawo ya ce maka, “Ba ta kwanta mini ba,” ko shi ne mafi ƙanƙanta a barikin, ka karɓa ka kwance ta a gabansa. Kada ka yi masa dariya. Kada ka ce masa matsoraci.

Yanzu sai maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Jiya Baffanka ya sauko da ɗamarar, ya shafe ta da man shanu, ya kawo wa Inna, ya ce ran Laraba uwar yaro ta ɗaura masa a gaban dangi kamar yadda aka saba. Na ce wa babanka ina da magana.

Ya ce, “Na san ta. Ki ɗaura masa, 'Yar Birni. Me zai rage ki da shi?”

Na ce, “Ta hana bindiga fashewa?”

Ya ce, “Ta bar mini rai. Ta kuma bar mini hannun cin tuwo, ai ta yi ƙoƙari.”

Na ce, “Malam, ba wasa nake ba. Allah ne Ya bar maka rai, da mutanen da suka ɗinke ka.”

Inna tana jin mu daga ɗaki, ta ce, “Yau ga ikon Allah. Uwar yaron nan ta ɗaura wa ubansa, ni na ɗaura wa nawa mijin, sai a kan jikana za a kawo mana boko? In ya tafi tsirara wani abu ya same shi, wa za a tambaya?”

Ban ga laifinta ba, don ta raine ka, tana da haƙƙin ta ji tsoro. Babanka ya murza dungulmin hannunsa, sannan ya ce a hankali, “To ko ba ta maganin komai, ai yaron zai ji hannunki.”

Nan ya same ni. Ya san inda zai taɓa. Tun ranar da aka yaye ka hannuna bai sauka a jikinka ba. Ran Laraba ce rana ɗaya tak da al'ada ta yarda in tsaya a bayanka, in zagaya hannuwana a ƙugunka, kowa na kallo ba mai cewa na yi rashin kunya. Na daɗe ina jiran ranar nan, tun kana zama a ƙofar Inna kana sassaƙar kara. Har na sha tsara yadda zan ja ƙullin a hankali don ya daɗe.

Amma na ga abin da ɗamarar nan take yi. Ba ta tare ƙarfe, tsoro take cirewa. Babanka ya shigo ɗakina da tsoro mai kyau, tsoron da zai cece shi, na ɗaure masa shi da hannuna ya fita ba shi. Shi mai harbawa ne, kansa kawai ya cuta. Kai mai ɗurawa za ka zama. Mai ɗurawar da ya yarda cewa akwai wata fata da ke gyara abin da awo ya ɓata, 'ya'yan mutane zai cuta, su da iyayensu mata da ba su san ni ba. Ina so ka tafi da tsoronka cikakke, ka riƙa auna komai sau biyu saboda shi.

Za a yi magana. Inna za ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata, Baffanka zai ce littattafai sun ɓata ni, wataƙila kai ma ka ji zafi a gaban dangi. Shi ya sa na rubuta tun yau, don kada ka ɗauka ƙi ne.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka riƙa aiko wa Inna da gaisuwa, ni zan karanta mata, in akwai abin da kake so in sani ka sa a ciki. Na yi maka dakuwa da ƙuli-ƙuli, suna cikin jakarka ta hannun ƙanwarka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai da idanunka biyu da yatsunka goma. Allah Ya tsare duk wanda zai ɗauki abin da hannunka ya gyara, Ya sa kada a wayi gari a harba shi a kan kowa. Allah Ya yi maka albarka duniya da lahira, amin summa amin.

Ran Laraba zan fito in tsaya a ƙofar gida har motarku ta ɓace. Ɗamarar kuwa ba zan ɗaura maka ba. Na gaya wa babanka yau da safe, na kuma mayar da ita kan ƙusarta.

Wassalam. Ni ce wadda kake kira Adda.